Abin da aka tattauna kan tsofaffin waƙoƙin finafinan Taiwan

Jama'a, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa kan inda mai son sauraron waɗannan waƙoƙi zai fara da abin da zai saya:

1. Kusan kowa ya ce sabon shiga ya fara da mawaƙan nan biyu, Teresa Teng, wadda ta rasu a 1995, da Fong Fei-fei, mai yawan sa huluna, wadda ta rasu a 2012.

2. Mai neman waƙoƙin fim ya bi finafinan soyayya na shekarun 1970 da aka ɗauko daga littattafan marubuciya Chiung Yao. Fong Fei-fei ta rera da yawa cikinsu. Sau da yawa muryar mawaƙiya ake ji, ba ta jarumar fim ba, kamar yadda muka saba a finafinan Indiya.

3. Kan irin faifan da za a saya kuwa, a nan aka rabu. Wasu sun nace sai faifan garmaho na asali, bugun kamfanonin Haishan ko Kolin, don sautinsa ya fi armashi. Wasu suka ce tsada ce kawai, ga ƙaraf-ƙaraf, CD ya wadatar. Ni dai ina bayan na biyun.

4. A duba da kyau kafin a saya: wata waƙar an sake rera ta daga baya, ba ita ce ta cikin fim ɗin ba.

5. Kaset kuwa, zafi da danshi na lalata shi.