Marigayi Umaru 'Yar'aduwa a matsayin ɗan ABU, wa zai taimaka?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. An ɗora min rubuta ɗan tarihin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na taronmu na tsofaffin ɗalibai, to matsalar duk inda na duba sai zancen gwamna da shugaban ƙasa, ni kuma ɗalibin nake nema. Dan Allah wa ya san zamansa a ABU Zariya?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Matawallen Katsina. Daga Kwalejin Barewa ya shiga ABU a 1972, ya gama 1975 da digirin kemistiri haɗe da koyarwa, ya yi bautar ƙasa a Legas yana koyarwa a sakandare, da ya dawo ma alli ya ci gaba da riƙewa, sannan a 1978 ya koma ABU ɗin neman digiri na biyu duk dai a kemistiri. Ni wallahi abin da ke ban haushi kenan, mutum ya shafe shekaru a gaban allo amma ba mai kiransa malam, sai dai a ce tsohon gwamnan Katsina.

Baffan Yara:
Ɗana kar ka tsallake siyasarsa ta ƙuruciya. A jamhuriya ta biyu PRP ya bi, jam'iyyar Malam Aminu Kano, alhali mahaifinsa yana NPN. Ɗan babban gida ne fa, baban nasa minista ne tun jamhuriya ta farko, amma ya zaɓi ɓangaren talakawa. Mu da muka ga lokacin mun san ba ƙaramin abu ba ne wannan a cikin gida ɗaya.

Sai Gaskiya:
Ku yi haƙuri amma kar a mai da shi kirari zalla. Zaɓen 2007 da ya kawo shi akwai maguɗi, shi da bakinsa ya amsa akwai kurakurai har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais na gyaran harkar zaɓe, kuma ya bayyana kadarorinsa a fili. A rubuta duka, har da ruɗanin jinyarsa a Saudiyya kafin rasuwarsa ran 5 ga Mayu 2010.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. Baffa zan kira ka anjima bayan la'asar in sha Allah, zancen PRP ɗin nan nake so ka warware min sosai.