Neman kalmar Hausa: me za mu kira "lean" a lambobin P0171 da P0174?

Assalamu alaikum. Kwanakin baya na tambayi 'yan'uwa, musamman kanikawa, yadda ya dace a fassara kalmar "lean" da na'urar binciken mota take rubutawa idan aka jona ta da tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Na samu shawarwari da dama, kuma ga inda na tsaya.

Sai mun san abin da ake nufi kafin mu raɗa masa suna. Tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin binciken lafiyar mota da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan na ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Injin fetur yana son kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. Sansa (wata 'yar na'urar awo) da ke jikin bututun salansa yana duba iskar da ta rage bayan ƙuna. Idan ta yi yawa, ƙwaƙwalwar mota sai ta riƙa ƙara fetur don ta cike giɓin, har ta kai iyakar da aka ba ta, sannan ta kunna fitilar gargaɗi; wannan rinjaye na iska a kan fetur shi ake kira "lean". P0171 yana nufin hakan ya faru a ɓangaren injin da silinda ta ɗaya take, P0174 kuwa a ɗaya ɓangaren, wanda galibi inji mai layi biyu irin V6 ko V8 ne yake da shi.

Fassarar ƙamus, wato "ramamme" ko "marar kitse", ba ta da amfani a gareji, don haka ban ɓata lokaci a kanta ba.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "ƙarancin mai", kuma ita ce na fi tsoro. "Mai" a bakinmu yana ɗaukar fetur da baƙin mai gaba ɗaya, sannan duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai wata fassara daban zai yi wa wannan kalma. Babbar illarta ita ce tana yanke hukunci tun ba a yi bincike ba: da zarar an ce wa mai mota "ƙarancin mai", hankalinsa da na bakanike sun tafi ga famfon mai da mataci da nozul, alhali sau da yawa fetur ɗin lafiya lau yake zuwa. A Ford F-150 na 1997 zuwa 2003, alal misali, sanannen abu ne cewa ɗan tiyon roba mai lanƙwasa na layin PCV (layin da yake mayar da tururin cikin inji zuwa bututun shan iska) yakan tsage ko ya ruɓe idan ya tsufa, sai iska ta riƙa satar hanya tana shiga bayan ta kauce wa sansan da ke auna ta, lambobin biyu su fito tare. Wanda ya sayi sabon famfo saboda wannan ya yi asarar kuɗinsa, fitila kuma za ta dawo.

Wani malami ya ce to a kira shi "yawan iska". Laifin ɗaya ne, an juya shi ne kawai, domin famfo mai rauni ko mataci da ya toshe su ma suna haifar da lambar, haka nan sansan auna iska idan ƙura ta rufe masa ido yana ƙirga ƙasa da abin da ya wuce, wanda ba baƙon abu ba ne a gare mu lokacin hunturu. Lambar ba ta faɗi mai laifi ba. Abin da ta faɗa kawai shi ne gaurayen bai daidaita ba, saboda haka kalmar da za mu zaɓa dole ta tsaya a kan gaurayen.

Nan ne na koma madafa. Idan ruwa ya rinjayi gari mukan ce kunu ya tsinke, ba tare da mun tantance ko ruwan ne aka zuba da yawa ko garin ne ya kasa ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da muke nema. Don haka nake ba da shawarar "haɗi ya tsinke", siffarsa kuma "tsinkakken haɗi". Kishiyarsa ta zo da kanta: P0172 da P0175, inda fetur ya rinjayi iska, sai mu ce "haɗi ya yi kauri". An kawo "tsululu", amma ta yi ƙarfi, domin inji yakan ci gaba da aiki da wannan lamba har tsawon watanni. An kuma yi ƙorafin cewa a gareji bel da waya su ma suna tsinkewa. Gaskiya ne, sai dai matuƙar an ambaci "haɗi" babu wanda zai rikice.

Na gwada kalmar a cikin bayanin aiki don in ga ko za ta zauna a baki. A duba yawan fetur ɗin da ƙwaƙwalwa take ƙarawa: idan haɗin ya tsinke a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, ƙarin ya haura kashi 10 cikin 100, amma ya sauko da aka taka totur zuwa juyi 2,500 a minti, to a nemi inda iska take sata, ko da ta hanyar hura hayaƙi a cikin bututun shan iska ne a ga inda zai ɓullo. Idan kuwa yana ƙara tsinkewa yayin da aka taka ko aka ɗora kaya, a wanke sansan auna iska, a auna ƙarfin famfo. Kada a manta da bututun salansa mai huji kafin a kai ga sansan da ke jikinsa, domin iskar waje da take shiga ta nan tana sa ya ba da rahoton tsinkewar da babu ita.

Ga kanikawan Kano da Zinder da Kumasi, ina roƙon ku gwada wa mai mota wannan kalma a aikinku na gaba, ku faɗa mana ko ya gane ba tare da dogon bayani ba.