Wa ya horar muku da murya, kuma yaya kuka gane malamin kirki ne?

Daga Kubwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu sauya jinsi da suka taɓa zama da malamin horar da murya. Na tara ɗan abin da na tara, ba na so in zuba shi inda zan yi da-na-sani. Me zan duba, me zan tambaya tun a zaman farko? Don Allah ban da sunaye da lambobin waya, kowa ya san halin da ake ciki.

Daga Lugbe: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da wani malamin waƙa na fara a nan Abuja, mutumin kirki, amma abin da ya sani shi ne hawa sama. Kullum "ƙara sama, ƙara sama", har maƙogwarona ya riƙa zafi kamar na haɗiyi barkono, murya ta dushe, kuma a waya ana ta ce min "kai". Da na koma wurin wata ƙwararriyar gyaran magana ta Zoom, sai ta ce siririyar murya kaɗai ba ta isa ba. Jijiyoyin muryar yawancin maza suna kaɗawa wajen sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, na mata wajen sau 165 zuwa 255, amma kunne ba lissafin nan kaɗai yake bi ba, yana jin girman sararin da sautin ya ratso ta cikinsa. Ta ce in yi magana a cikin randa, in sake yi a cikin kofi, in saurari bambancin. Aikinmu ya koma kan inda harshe yake zama, yadda maƙogwaro ke ɗan ɗagawa ba tare da an matse shi ba, da rage nauyin muryar. Duk malamin da bai taɓo wannan ba a zaman farko, ki riƙe kuɗinki.

Daga Nyanya: Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne Hausa. Malamina Ba'amurke ne, ya iya aikinsa, da Turanci muryata ta zauna daidai. Ina komawa Hausa sai komai ya watse. Ya koya min ɗaga ƙarshen magana, alhali mu maganarmu gangarowa take yi, sai tambaya ce ke tashi sama. Na je sayen tumatir a kasuwar Karu, na ce "na ɗari biyar za a ba ni", mai tumatir ya tsaya yana kallona, ya ɗauka tambayarsa nake yi. Hawa da saukar murya a Hausa yana jikin kalmar, in kika murɗe shi ko ma'ana ta sauya, ko ki zama kamar baƙuwar da ta koyi harshen a littafi. Na yi masa bayani, bai yi girman kai ba, ya ce in kawo jimlolin da nake faɗa kullum. Muka yi ta maimaita "ina kwana", "a sauke ni a gada", "nawa ne kuɗin?". Ki tambayi malami ko zai yarda a yi aiki da harshen da bai iya ba. In ya noƙe, ba naki ba ne.

Daga Kubwa: Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah Ya saka da alheri, Yaya.

Daga Gwagwalada: Ni ɗan'uwanku ne, tafiyata ta ɗaya ɓangaren ce, daga mace zuwa namiji. Testosterone, sinadarin jikin maza, yana ƙara wa jijiyoyin murya kauri, murya ta sauka, kuma ba ta komawa. Estrogen kuwa, sinadarin jikin mata, ba ya sirantar da muryar da ta riga ta buɗe lokacin balaga, shi ya sa aikin ya fi yawa a kanku. Duk da haka na nemi malami, don muryata ta sauka amma tana karyewa, kuma ina saurin gajiya in na yi doguwar magana a shago. Tambayar da ta fara yi min ce ta kwantar min da hankali: "Wace irin murya kake so, kuma a ina za ka yi amfani da ita?" Ba ta yanke min hukunci ba.

Daga Dei-Dei: Maganar sirri fa, kada a raina ta. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 kan shiga ƙungiyoyin masu neman jinsinsu ko mara musu baya. Ba ta ambaci masu sauya jinsi ba, amma mutumin unguwa ba ya tsayawa bambancewa. Wani malami da na gwada ya nemi ya ɗora muryata ta "kafin da bayan" a Instagram don talla, wai ba za a ga fuskata ba. Mahaifiyata ko tarina ta ji a bayan katanga ta san ni ce. Na bar shi a ranar. Ku tambaya: ana naɗar darasi? Ina ake ajiye shi? Wa ke saurare? Ku kuma faɗa masa gaskiya in kuna buƙatar riƙe tsohuwar muryar saboda gida ko wurin aiki. Ana iya koyon komawa tsakanin biyun, malamin da ya san aikinsa ba zai ga laifinki ba.

Daga Lugbe: Ƙari kan lafiya, tunda hunturu ya kawo jiki. Ƙura da bushewar iska suna wahalar da maƙogwaro, ki yawaita shan ruwa. Malamata ta sa ni fitar da sauti ta bututun roban nan na shan lemo, bakinsa a cikin ruwa yana ɓulɓuli, kafin darasi da bayansa, yana sassauta jijiyoyin sosai. Gajeren atisaye sau da yawa a yini ya fi zama ɗaya mai tsawo. Zafi alama ce ta a tsaya. In dushewar murya ta wuce mako biyu zuwa uku, likitan kunne, hanci da maƙogwaro za ki gani.

Daga Nyanya: Kuɗi kuma, yawancin na waje da dala ake biyansu, canjin naira kuwa kin san yadda yake. Ki nemi zaman gwaji kafin ki biya na watanni, ki tambaya ko suna rage wa wanda ba shi da hali, wasu suna yi. Akwai manhajar kwamfuta mai suna Praat, kyauta ce, tana nuna miki lambar muryarki, wato sau nawa jijiyoyinta ke kaɗawa a daƙiƙa, sai dai kada ki zama baiwar lamba. Wanda ya yi miki alkawarin sabuwar murya cikin mako biyu ƙarya yake yi, aikin watanni ne. Ko tiyatar da ake kira Wendler glottoplasty siranta murya take yi, ba ta sauya amon da sararin maƙogwaro da baki ke ba sautin, shi ya sa waɗanda aka yi wa ma suke komawa horo.

Daga Kubwa: Na rubuta tambayoyin duka. Zan nemi zaman gwaji da mutum biyu, in tafi da jimlolina na Hausa. Wanda ke zaune a gidan haya mai bango ɗaya da maƙwabta, a ina kuke yin atisaye ba a ji ku ba?