A-kori-kurata tana kuka daga ƙasa, an rasa gano inda yake

Assalamu alaikum, masu gida da ƙwararrun kanikawa. Ina neman shawararku a kan motata, a-kori-kura mai shan gas, mai giyar hannu. Ita nake ɗaukar buhunan hatsi da ita daga kasuwar Dawanau, ita ce abincina da na iyalina.

Tana wani siririn kuka mai kama da fito daga ƙasa, wajen baya. Yana farawa in gudu ya kai kilomita 60, ya tsananta wajen 80. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yana bin totur: in na taka sai ya tashi, in na ɗaga ƙafa sai ya lafa nan take. Ko a giya ta huɗu ko ta biyar, muddin gudun ɗaya ne, muryar ɗaya ce. In motar tana tsaye na ba ta wuta, shiru. Karya kwana ma ba ta canza shi, shi ya sa ban yarda boris ɗin taya ba ne.

An canza boris ɗin tsakiyar farfela (dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya), kukan bai tafi ba. An juye man bakaksil (akwatin haƙoran da ke juya tayoyin baya), aka zuba sabo mai lamba 85W-90. Tsohon ya fito da ɗan garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun toshiyar, amma babu ɓarɓashi manya.

Yanzu makanikena ya ce a sauke giyabos. Ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga haƙoran cikin bakaksil, ko boris ɗin ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa.

Wane gwaji zai raba mana gardama kafin a kwance komai? In haƙoran ne, saiti zai wadatar ko sai an sauya su? Kuma akwai haɗari in na ci gaba da lodi a haka?

Allah ya saka da alheri.