Lifidin dokina ya ƙi zama, fentin kuma ya yi yashi

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya taho mini da kwali ɗaya na 'yan ƙananan mahayan Larabawa na roba, ƙirar kamfanin Gripping Beast, masu tsayin milimita 28. Burina in mayar da su 'yan lifidan Daular Sakkwato, domin ni da abokina muna so mu buga yaƙin Fabrairun 1903 a bakin ganuwar Kano a kan tebur, shi ya riƙe sojojin Turawa, ni in riƙe na gida.

Matsalata biyu ce. Na kwaɓa danƙon nan Green Stuff, mai zuwa kashi biyu shuɗi da rawaya, na lulluɓe doki ɗaya da shi a matsayin lifidi, amma da na fara zana layukan ɗinki sai ya riƙa bin wuƙar yana ɗagowa, inda na riƙe kuma zanen yatsana ya fito ɓaro-ɓaro. Ta biyu ta fi damuna. Na fesa wa mahaya huɗu fentin shimfiɗa a tsakar gida bayan azahar, suka bushe kamar an barbaɗa musu yashi, har idon sulken ya toshe. Shin sun lalace ke nan? Guda goma sha biyu kaɗai gare ni, ba kuma abu ba ne da zan shiga Sabon Gari in sayo.

Kawu Mai Buroshi:
Wa'alaikumus salam, ƙanina. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya lalace. Jiƙa su a sifirit irin na kemis na ɗan lokaci, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne ruwan goge jan farce da tina, waɗannan narkar da robar za su yi.

Yashin da ka gani aikin hunturu ne. Iska ta bushe, rana ta take, sai fentin ya bushe a hanya kafin ya sauka a jikin roba, ga ƙura ta samu wurin zama. Ni ma na yi asarar kwana biyu a kan haka a shekarar da na fara. Ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka fesa da sassafe a inuwa, tazarar kamar taƙi ɗaya, kana wucewa fit-fit ba ka tsayawa wuri ɗaya. Ni dai daga Disamba zuwa Fabrairu ajiye gwangwani nake yi, in shafa na kwalba da buroshi a cikin ɗaki.

Batun danƙo kuwa, gaggawa ka yi. Idan ka haɗa shuɗin da rawayan ya koma kore, a lokacin ya fi kama hannu. Rawayan ne mai danƙo da laushi, shuɗin ne mai tauri, don haka ɗan ƙara shuɗi. Ka wanke dokin da sabulu tukuna, ka kakkarce bayansa da bakin wuƙa don danƙon ya samu abin kamawa. Ka murza shi ya yi faɗi tsakanin leda biyu, ka ɗora, sannan ka tashi ka ba shi kamar minti ashirin. Da zafinmu ma ba ya kai haka. In ka dawo, jiƙa bayan wuƙa da ruwa ko ka ɗan shafa mata basilin, ka riƙa dannawa, kada ka ja. Jan ne ke yage shi. Gefe ɗaya yau, ɗaya gefen gobe, kuma ka manna ƙafafun dokin a kan murfin kwalba don yatsa ya daina taɓa shi. In da basilin ka yi aiki, sake wankewa kafin fenti.

Jikan Sarkin Zagi:
Malam, ni ban iya danƙo ba, amma a gidan dawaki na tashi, don haka ga abin da nake gani masu yi suna kuskurewa. Suna yin lifidi siriri yana bin jikin doki kamar jalala. Ba haka yake ba. Audugar rimi ake cusawa a ɗinke, sai ya yi ƙato, ya sauko ya rufe ƙirji da cinyoyi, dokin ya koma kamar bukka mai tafiya. Shi ya sa kibiya ba ta ratsa shi da sauƙi, shi ya sa kuma wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya ga irin waɗannan mahaya a rundunar Sarkin Musulmi Bello a 1826, ya kuma bayyana yadda nauyi ya hana su sauri. To kada ka zaɓi dokin da ya ɗaga ƙafa yana sukuwa, nemi mai takawa a hankali.

Kuma kada ka yi wa duka goma sha biyun lifidi. 'Yan lifida 'yan kaɗan ne, na kusa da sarki. Uku ko huɗu sun isa, sauran ka bar su da sulke da rawani da mashi. Kwalkwali kada ka manta masa da gashin jimina. Ranar Hawan Daushe ka je da wayarka ka ɗauki hoton su ta gefe da ta baya, ya fi duk wani zane da za ka samu a intanet.

Kawu Mai Buroshi:
Gaskiyarka, ɗan sarki. To in kauri ake so, ƙanina, fara cike cikin da wani danƙon da ake kira Milliput, ya fi arha kuma yana bushewa da tauri, sannan ka ɗora koren a sama don ɗinkin. Wajen launi, sirka fentin da ruwa ka yi shafi biyu, ka zuba ruwan kala mai duhu ya kwanta cikin layukan, sai ka goga mai haske sama-sama da busasshen buroshi. Don kada fenti ya bushe maka a faranti, sa jiƙaƙƙen soso a robar abinci, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ka ɗiga fentin a nan.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allah ya saka da alheri, Kawu. Na jiƙa huɗun tun jiya, uku sun fita tas, idon sulken ya dawo. Na huɗun akwai saura a hammata da ƙarƙashin garkuwa, zan bi shi da tsinken sakace. Na ɓamɓare danƙon dokin farko, na kuma zaɓi guda uku masu tafiyar ƙasaita kamar yadda Jikan Sarkin Zagi ya ce. Saura tambaya ɗaya: ƙasan da za su tsaya a kai, in na tankaɗe jar ƙasar bakin badala da rariya, farin gam na kafintoci zai riƙe ta, ko sai na haɗa da yashi?