Muhawara: jeri cikin jeri, ko a bar tebur a shimfiɗe?

Auta: Salamu alaikum yayyena. Aikina na ƙarshen shekara ya cije. Ina da tebur na wuraren ƙasar nan, kowane layi da lambarsa, da sunansa, da lambar ubansa: Tawa ƙarƙashin Nijar, Madawa ƙarƙashin Tawa, har zuwa ƙauye. So nake in maida shi jeri cikin jeri, kamar itace mai rassa, kowane uba ɗauke da ɗiyansa, in tura wa waya cikin JSON, wato tsarin rubutun da ake aika bayanai da shi. Na rubuta fonksiyon, wato ɗan guntun shirin kwamfuta, mai kiran kanta a kowane reshe. Da komin-komin (ƙananan hukumomi) kaɗai tana tafiya lafiya, amma da na zuba ƙauyuka sai shafin ya ƙi buɗewa.

Ɗan Katako: Auta, goge ta. Fonksiyon mai kiran kanta ta allon jami'a ce, ba ta wurin neman abinci ba. Kai, jeri cikin jerin ma bai da amfani. Tura teburin yadda yake a shimfiɗe, waya ta tace abin da take so. Duk wanda ya cusa itace cikin baka-biyu goma, shi zai tashi tsakar dare yana ƙirga su.

Ƴar Harobanda: Yaya, ka yanke hukunci ba ka ga mai laifi ba. Na duba abin da Auta ya turo mini. Ba kiran kai ne ya kashe shafin ba. Duk reshen da fonksiyon ta isa, sai ta sake bin teburin tun daga layin farko tana neman ɗiyansa. In layi 10,000 ne, kwatanci miliyan 100 ke nan. Auta, zagaye biyu ya ishe ka. Na farko, zuba kowane layi cikin ƙamus, wato ma'ajin da ake ciro abu kai tsaye da mabuɗinsa, lambarsa ce mabuɗi, ka ba shi jerin ɗiya wanda ba kome ciki. Na biyu, ɗauki kowane layi, nemo ubansa a ƙamus, jefa shi cikin jerin uban. Wanda bai da uba shi ne tushe. Taki 20,000, an gama.

Ba'adare: Ni ban ga abin gardama ba. Zagaye cikin zagaye: jiha, gunduma, komin, ƙauye. Hawa huɗu, kowa shina gane shi. Haka munka yi nan Tawa, har yau shina aiki.

Malam: Ba'adare, yana aiki ne don ba ka taɓa ƙetare Tawa da shi ba. Zuba masa Yamai ka gani. Yamai ba ta da gunduma, daga birni sai komin 5 kai tsaye. Hawanka na biyu zai tarar da wayam, ko dai ya ɗauki komin ya kira ta gunduma. Rassan itace ba su zama tsawo ɗaya, shi ya sa ba a rubuta zurfinsa da hannu.

Ɗan Katako: Malam, da girmanka, amma misalin ƙasar nan ni yake goya wa baya. A 2011 gundumomi sun tashi daga 36 zuwa 63. Malbaza ta fita daga Ƙonni, Bagaruwa ta fita daga Illela. A tebur shimfiɗaɗɗe, layi ɗaya za ka ƙara, ka canza lambar uba ga ƴan komin, shi ke nan. A jeri cikin jeri sai ka tono reshe da duk abin da ke rataye da shi, ka dasa wani wuri. Kuma ku dubi KoboToolbox, shirin tattara bayanai da masu bincike ke yawo da shi ƙauyuka: zaɓin jiha, gunduma, komin duk a shimfiɗe ake rubuta su, ana tacewa da ginshiƙin uba.

Malam: Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a ajiye bayanai cikin jeri cikin jeri ba. Tambaya biyu kuka haɗa a tukunya guda. Wurin ajiya, tebur mai lambar uba ya fi, ban da ja. Wurin nunawa kuwa, in allon waya zai buɗe jiha ta zubo gundumominta, siffar itace yake buƙata. In saba, kwamfutar da ke turo wa waya bayanan, ba ta gina shi ba, waya ce za ta gina. Aikin bai ɓace ba, ka dai ɗora wa ƙaramar Android mai ƙarancin ƙwaƙwalwa.

Ɗan Katako: To iyakar zurfi fa? Harshen Python na tsayawa wajen kira cikin kira 1,000. json_encode, mai maida bayanai JSON a harshen PHP, na ƙin abin da ya wuce hawa 512.

Ƴar Harobanda: Daga Nijar zuwa ƙauye hawa 5 ne, Yaya. Sauran 507 ɗin unguwannin aljanu ne?

Ɗan Katako: Yi dariya, ƙanwata. Ni na taɓa kai 1,000 da tebur mai hawa huɗu. Wani mai shigar da bayanai ya ba komin lambar ƙauyenta a matsayin uba, sai ɗa ya zama uban ubansa. Fonksiyon ta yi ta kewaya kamar raƙumin mai har saba ta faɗi, ranar da za a nuna wa masu kuɗin aikin. Tun ran nan na rantse.

Ƴar Harobanda: Wannan ciwon na yarda da shi. Sai dai hanyar ƙamus ma ba ta warkar da shi, ɓoye shi take: layukan da suka kewaye juna ba su isa tushe, sai su ɓace shiru. Dole a ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito. A JavaScript kuma, in ka manna wa ɗa ubansa sukutum maimakon lambarsa, JSON.stringify, mai maida bayanan JSON, zai ƙi.

Ba'adare: Kun tuna mini. Na so in yi ma danginmu salsala da wanga tsari. Auren zumunci ya watsa ni: kaka guda ya hito wuri ukku, don uwa da uba duk jikokinai ne. Na gyara sunanai wuri ɗaya, biyu sunka zauna da kuskure.

Malam: Domin salsala ba itace ba ce, ko da ana kiran ta haka. A itace, uba ɗaya kowa ke da shi. Da zarar reshe biyu sun sake haɗuwa, jeri cikin jeri sai ya kwafi mutum. A nan kam Ɗan Katako ya ci, lamba za ka ajiye. Amma kada a ce jeri cikin jeri wasan yara ne. Tun 1958 John McCarthy ya gina harshen kwamfuta na Lisp a kansa, har shirin kansa jeri ne cikin jeri.

Auta: Malam, in cire sunayen mabuɗai in bar jeri tsirara, kamar ["Tawa", [["Madawa", []]]], don a rage cin mega?

Ƴar Harobanda: Kar ka soma. Kunna gzip mai matse bayanai, maimaicin sunaye shi ne abin da ya fi iya matsewa. Bayan wata shida kai kanka ba za ka tuna ko gurbi na biyu ɗiya ne ko yawan jama'a ba.

Ɗan Katako: Ni dai ban sauka ba. Mutumin Abalak da rezo ke zuwa yana tafiya, me zai yi da ƙauyukan Difa? Tura masa jihohi 8, in ya taɓa Tawa a kawo ɗiyanta kaɗai.

Malam: In kuma rezo ya ɗauke bayan ya taɓa Tawa fa?

Auta: Na gwada zagaye biyun, ya buɗe nan take. Sai dai na ƙirga kamar yadda Yaya Ƴar Harobanda ta ce, ƙauye 3 sun ɓace. Lambar ubansu ba ta cikin teburin ko kaɗan.

Ba'adare: Turo sunayensu. In na wajen Keita ne, na san komin ɗinsu.