Matan da ke cikin fastocin talla na Paris: dutsen bugu ne ya gyara musu fuska, ko 'yan kasuwa?

Malam Habu: Ana zargin masu zanen talla na Paris a shekarun 1890 da mayar da mace fure, fuska sumul ba tabo. Ni na ce na'ura ce ta jawo haka. A kan farin dutse ake zanen da alli mai maiƙo, a shafa ƙaro da ɗan asid, a jiƙa da ruwa, tawada ta kama inda maiƙon yake kawai. Kowane launi da dutsensa. Takarda ta goce ko da milimita ɗaya, leɓe ya fita daga layi, ido ya zama biyu. Dole mai zane ya rage tamoji da inuwar fuska.

Hajiya Rabi: Malam, bayanin dutsen daidai ne, amma bai wanke su ba. Mai zane Toulouse-Lautrec da irin wannan dutsen ya buga fastar gidan rawa na Moulin Rouge a 1891, kuma matan da yake zanawa na da dogon hanci da alamun gajiya. Mawaƙiya Yvette Guilbert ma ƙin zanen fastar da ya yi mata ta yi a 1894, don a ganinta ya munana ta. Ashe dutse na iya fitar da fuskar gaskiya.

Malama Zainabu: Ku dubi tallan JOB na Alphonse Mucha, 1896. Takardar naɗa taba ake sayarwa, amma gashin matar ne ya cinye fastar, yana murɗewa kamar yaɗon kabewa. A shekarar ya zana yanayi huɗu na shekara, kowanne mace ce cikin furanni ko dusar ƙanƙara. Ba suna, ba sana'a. Layukan gashin nan sun fi tamoji wuyar daidaitawa, Malam, amma an biya kuɗinsu.

Malam Habu: Malama, gashin yana da kakkauran layi a gefe, shi ke rufe gocewar launi. Kuma matar da ke fastar wasan kwaikwayon Gismonda da Mucha ya zana, ta 1895, 'yar wasa Sarah Bernhardt ce, da sunanta a sama, ita ta ɗauki Mucha aiki na shekara shida.

Hajiya Rabi: Ita ke biya, shi ya sa ta fito da suna. Inda kamfanin giya ko biskit ke biya, irin su Moët & Chandon da Lefèvre-Utile, sai ka ga budurwa da furanni, ba wanda ya san ko wace ce.